Shanun Na'iya a Rajistar Kwaleji

Ruwan da manoman Kebbe ke jira ya sauka ranar Talata, mai nauyi, irin wanda ke jiƙa ƙasa har kamu guda. Kafin hantsin Laraba wayar Dokta Hafiza Ɗangiwa ta yi ƙara sau shida, duk daga yayanta Na'iya. Ba ta ɗauka ba. Ta san abin da zai tambaya. Shanu goma sha huɗu da ta aro a hannunsa suna can tsaye bayan ɗakin karatu na Kwalejin Ilimi ta Bakin Fadama, a Tambuwal, cikin wani shinge da aka kafa a gurguje, kowanne da rawayar lamba maƙale a kunne.

Hafiza ce shugabar sashen koyar da noma da kiwo. Kwalejin tana ba da digiri ne a ƙarƙashin wata jami'a da ke birni, kuma kwas ba ya zama kwas sai masu tantancewa sun zo daga Abuja sun duba sun amince. In ba su amince ba, ɗalibanta arba'in da ɗaya da ke shekarar ƙarshe za su fita da takardar da ko ƙosai ba za a naɗe a ciki ba. Cikin sharuɗɗan masu tantancewar akwai garken shanu na koyarwa. Kwalejin kuwa ko akuya ba ta da ita. Shekara huɗu Hafiza tana rubuta wa ofishin Furobos, shugaban kwalejin, takarda a kan haka, shekara huɗu takardar tana dawowa da kalma biyu da koren biro: “A jira.”

Ana yawan cewa ofishin Furobos shi ne zuciyar kwaleji. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a bencin ƙofarsa ba. Ya fi kama da maƙogwaro: komai ta nan yake bi, kuma ba komai ke wucewa ba. Sakamakon jarrabawa, jadawalin darussa, ƙarin girman malami, hutun haihuwa, har takardar fitar da tsohuwar kujera ta ƙofar makaranta, duk sai sun kwana a teburin Malam Lauwali, sakataren ofishin, kafin su ga koren biron Furobos, Dokta Uthman. Mutum ɗaya ne a kwalejin ke rubutu da kore. Wani sabon malami ya taɓa gyara jarrabawa da koren biro, sai da aka ba shi takardar gargaɗi.

Saura kwana tara masu tantancewa su iso Furobos ya aika a kira ta.

“Malama Hafiza,” ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga fayil ba. Ya san tana da digiri na uku, shi ya sa hannu a takardar tafiyarta karatu, amma bai taɓa kiranta Dokta ba. “An ce mini gidanku akwai shanu.”

“Gidan yayana, Yallaɓai.”

“To ai gidanku ke nan. Sashen kimiyya sun aro madubin duba ƙwayoyin cuta. Sashen tattalin gida sun aro keken ɗinki goma sha biyu a kasuwa. Kowa ya yi ƙoƙarinsa. Ke kaɗai kika rage da dogon rubutu.”

“Rubutun da na yi don kada mu kai ga aro ne.”

“Kwana uku,” ya ce. “Motar kwaleji ta ɗauko, motar kwaleji ta mayar. Ko kuwa ki shiga aji ki gaya wa yaran nan cewa shekara huɗunsu ta tafi a banza domin malamarsu ba ta son roƙon yayanta.”

Ta tafi Kebbe ranar Asabar. Na'iya ya girme ta da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya sayar da maraƙi ya saya mata akwatin tafiya sakandare bayan rasuwar mahaifinsu. Ya saurare ta yana tsefe igiya. Shanunsa shida ne, huɗu daga ciki bijimai ne na huɗa. Sauran takwas sai da ya zagaya gidajen maƙwabta, gida uku, ya ba da bakinsa.

“Kwana ukku kinka ce?”

“Kwana uku, Yaya.”

“Ki duba sama. Hadari ya fara haɗowa gabas. In ruwa ya faɗi, bijiman nan su ne hannuna, su ne ƙafata. Ba ni kaɗai ba, gonakin mutum tara nika yi ma huɗa.”

“Kafin ruwa suna gida.”

Ranar da shanun suka sauka a kwaleji tana aji. Ko da ta fito, Malam Lauwali ya riga ya kawo mai huda kunne daga gari, an maƙala wa kowanne rawayar roba mai lamba, daga ɗaya zuwa goma sha huɗu, an shigar da su rajistar kayan kwaleji, tsakanin injin ban ruwa da allon rubutu. Furobos ya sa hannu a ƙasan shafin. Da ta yi magana Lauwali ya ce, “Hajiya, saniyar da ba ta da lamba ai saniyar aro ce. Makaho ma zai gane.”

Masu tantancewar su biyar ne. Huɗu sun tsaya nesa da shingen suna toshe hanci suna cika fom. Na biyar, wani tsohon farfesa siriri mai fama da tari, ya buɗe ƙyauren ya shiga. Ya shafa bayan wani jan bijimi, ya kai hannu wuyansa, ya daɗe yana taɓa wurin da gashi ya zube fata ta yi kanta.

“Furobos,” ya ce, “shanun makaranta da kantar karkiya a wuya? Waɗannan ai sun sha huɗa.”

Hafiza ta sunkuyar da kai. Dokta Uthman kuwa ko ƙifta ido bai yi ba.

“Haka ne, Farfesa. Mu nan ba a allo kawai muke koyarwa ba. Duk damina, da zarar ruwa ya sauka, ɗalibanmu na shekarar ƙarshe suna fita da garken nan ƙauye, su yi mako huɗu suna huɗa tare da manoma. Tsarin kwalejin nan ne.”

Tsohon ya dube shi, ya dubi bijimin, ya yi tari, ya rubuta wani abu a littafinsa. Da za su tafi suka ba da amincewar wucin gadi, suka ce mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ya dawo cikin mako shida, ba tare da sanarwa ba, ya sake duba gonar. Kekunan ɗinki suka koma kasuwa, madubai suka koma inda aka aro su, domin ba wanda ya shafa musu wuya. Shanu kuwa aka ce su tsaya.

Yau kwana goma sha tara ke nan suna tsaye.

Hafiza ta kashe wayar, ta ɗauki takardar neman izinin fitar da kaya da ta cika tun makon jiya, ta nufi ofishin. A bencin ƙofa akwai malamai biyu masu jiran ƙarin girma da wata ɗaliba mai goyo da aka rubuta mata sunan uba ba daidai ba. Lauwali yana cin gyaɗa daga aljihun tebur.

“Malam Lauwali, ina takardata ta kwana?”

“Tana ciki, Hajiya.”

“Jiya ma tana ciki.”

“To ai ba ta da ƙafa.”

“Ruwa ya sauka a Kebbe.”

“Ma sha Allah. Mu nan Tambuwal yayyafi kawai muka samu.” Ya kakkaɓe hannu. “Hajiya, in faɗa miki gaskiya don Allah? Me kika rubuta a wurin dalili? Kin rubuta ‘mayar da shanun aro ga mai su.’ Yanzu wa kike so ya sa koren biro a ƙarƙashin wannan? Rajista ta ce na kwaleji ne, da sa hannunsa. Takardarki ta ce na aro ne. In ya sa hannu a duka biyun, ɗaya ta ƙaryata ɗaya, kuma duka a fayil ɗaya za su kwana. Ni zan jera su da hannuna.”

“Kai ka shigar da su rajistar.”

“Ni abin da ya shigo ta ƙofa nake rubutawa. Ban taɓa tambayar saniya daga ina take ba.”

Ta wuce shi ta tura ƙofar ciki. Sanyin na'ura ya buge ta. Dokta Uthman yana waya, ya bar ta a tsaye har ya gama, ya kuma ƙara da duba saƙonni.

“Ba a koya muku ƙwanƙwasa ƙofa a Kebbe ba?”

“Ana koya mana cika alkawari, Yallaɓai. Kwana uku ka ce.”

“Na ce kwana uku kafin wancan tsohon ya sa hannu a wuyan bijiminku. Laifin wa? Ke ce masaniyar dabbobi. Ba ki san a zaɓo marasa tabo ba?”

“Mutum tara ke jiran bijiman nan. In ƙasa ta bushe kafin a yi huɗa, dawarsu da gyaɗarsu ta bana sun tafi.”

“Ni kuma mutum arba'in da ɗaya ke wuyana, da sunan kwaleji. In mutumin nan ya dawo ya tarar da shinge wayam, me zan ce masa? Sun tafi ganin gida?” Ya jawo takardarta daga ƙarƙashin wani fayil, ya cire murfin biro, ya rubuta kalmominsa biyu a kusurwa, ya tura mata. “Mako uku ya rage. Ki ba yayanki haƙuri. Kwaleji tana ciyar da su kyauta, ya ma gode.”

“Dusar da suke ci ni nake saye.”

“To Allah ya ba ki lada. Rufe mini ƙofa, sanyi yana fita.”

Washegari da azahar Atiku maigadi ya aiko a gaya mata wani mutum yana rigima a bakin ƙofa. Ta tarar da Na'iya ya jingine babur, laka har gwiwar wandonsa, igiyoyi a kafaɗa, ɗalibai sun fara taruwa. Daga inda yake tsaye ana hango shingen. Jan bijimin ya jiyo muryarsa, ya ɗago kai yana kuka.

“Ga ta nan,” in ji Na'iya. “Dokta. Mai wayar da ba ta ɗauka.”

“Yaya, mu shiga ofis mu yi magana.”

“Ba ni shiga. Wanga bawan Allah ya ce ba ni fita da shanuna sai da takarda. Ni da shanuna! Mi ne ne wancan rawaya ga kunnensu?”

Ya matsa jikin ƙofar ya ƙura wa shanun ido.

“Huda su kunka yi? Hafiza, huda su kunka yi? Saniyar maƙwabciyata Tambaya tana ciki, wadda ko ɗiyanta ba ta bari su taɓa. Mi zan ce mata? In ce boko ya yi mata ɗan kunne?”

Wasu ɗalibai suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da suka ga fuskar malamarsu.

Atiku ya ce, “Baba, ni ba ruwana. Ko tsintsiya ce, in babu koren sa hannu, ba ta wuce nan. Aikina ne zai tafi.”

“Kira min mai koren.”

Ba a kira shi ba, amma motarsa ta zo fita daidai lokacin, zai tafi sallah. Na'iya ya tsaya a gabanta. Gilashi ya sauka kaɗan.

“Malama, wane ne wannan?”

“Mai shanun ne, Yallaɓai.”

“Kwaleji ce mai shanu,” ya ce, da ƙarfi yadda ɗalibai za su ji. “In yana da ƙorafi ya rubuto ta hannun shugabar sashe. Atiku, buɗe ƙofa.”

Gilashi ya hau. Na'iya ya matsa gefe a hankali, ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Sa'an nan ya sauke igiyoyin daga kafaɗa ya zubar a gaban ƙanwarsa.

“Ni na kai ki makaranta,” ya ce. “Ban san abin da aka koyo ciki ba ke nan. Ran Jumma'a ta sama in ba su gida, kada ki sake taka ƙofata. Ba fushi nika yi ba. Faɗa miki nika yi.”

Ya tayar da babur ya tafi.

Ta kwashi igiyoyin ta koma ofishinta, ta rufe ƙofa. Ta yi tunanin ta rubuta wa Abuja gaskiya, ta ga fuskokin ɗalibanta arba'in da ɗaya. Ta yi tunanin a ɓalle shingen ta baya a kora su ta cikin fadama, ta tuna cewa a takarda wannan sata ce, kuma wanda ya sa aka yi aron shi zai fara kiran 'yan sanda. Mutane suna cewa takarda ba ta ƙarya. Takarda tana ƙarya fiye da kowa, bambancinta da mutum shi ne ita ba ta mantawa da abin da ta faɗa.

A nan tunaninta ya tsaya. Ta tashi ta buɗe kabad, ta ciro kwafin rahoton masu tantancewa da ofishin Furobos ya rarraba wa shugabannin sassa, wanda ba wanda ya karanta bayan shafin farko. A shafi na goma sha bakwai, ƙarƙashin abubuwan yabo, tsohon farfesan ya rubuta cewa Furobos ya tabbatar wa kwamiti ɗaliban shekarar ƙarshe suna fita da garken kwaleji ƙauye duk damina, mako huɗu, da zarar ruwa ya sauka. Ya ƙara da cewa wannan tsari ne abin koyi, kuma kwamiti zai so ganin rahoton fitar bana. A ƙasan shafin ƙarshe akwai koren sa hannu, an karɓa an amince.

Hukumar karatu ta kwaleji tana zama ranar Litinin ɗin farkon wata. Furobos ne shugaba, Lauwali ke rubuta abin da aka tattauna, kuma jami'a tana turo wakili, wani Dokta Gazali, wanda ke tafiya da kwafin bayanan taron birni. Hafiza ba ta kai batunta ofis don a sa a ajanda ba, ta san inda zai kwana. Ta bari aka gama sakamakon jarrabawa, aka gama rigimar jadawali tsakanin sashen Larabci da na lissafi a kan aji mai fanka. Da aka zo “sauran batutuwa”, Furobos yana tattara takardunsa, ta ɗaga hannu.

“Shugaba, ƙaramin abu ne. Fitar ɗalibai ta bana.”

“Wace fita?”

“Wadda muke yi duk damina.” Ta buɗe shafi na goma sha bakwai ta karanta, a hankali, har da inda aka ce abin koyi ne. “Ruwa ya sauka kwana shida ke nan, mun makara. Sashe ya zaɓi Kebbe, manoma tara sun ba da gonakinsu. Izinin fita da garke kawai muke nema. Ga takardar.”

Duk wanda ke zaune a teburin nan ya san daga inda shanun suka zo, ban da mutum ɗaya, kuma shi ne ya fara magana.

“Kai, wannan abu ya yi kyau,” in ji Dokta Gazali. “Na karanta shi a rahoton, har na nuna wa shugaban tsangayarmu. Mu a jami'a ma ba mu kai nan ba. Shekara nawa kuna yi?”

“Furobos ya fi ni sanin tarihin,” in ji Hafiza.

Dokta Uthman ya cire tabarau ya goge. “An daɗe,” ya ce. “Sai dai bana akwai yiwuwar baƙo ya dawo duba gona. Ina ganin a jira.”

“Ai shi baƙon ne ya ce yana son rahoton fitar bana,” in ji Gazali. “In ya zo ya tarar da su a shinge tsakiyar damina, shi ne zai yi tambaya. In ya tarar sun fita, sai ku ba shi takarda, ko ku kai shi Kebben ya gani da idonsa.” Ya juya ga Lauwali. “Sakatare, ka rubuta cewa wakilin jami'a ya yaba.”

Lauwali ya dubi maigidansa. Maigidan bai dube shi ba. Biron Lauwali ya yi ɗan jinkiri a sama, sa'an nan ya sauka.

Hafiza ta zagayo teburin da kanta ta ajiye takardar a gaban Furobos. A wurin dalili ta rubuta: “Aikin koyarwa na shekara-shekara, kamar yadda yake a rahoto, shafi na 17.” Ya karanta sau biyu. Ya cire murfin biro. Ya sa hannu da ƙarfin da ya kusa yaga takardar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji, “Kin iya karatu, Malama.”

“Kai ka sa hannu na tafi koyo, Yallaɓai.”

Kafin la'asar wasiƙa biyu suka fito daga ofishin. Ta farko ta ce motar kwaleji tana gareji, sashe ya nemi hanyarsa. Ta biyu ta gode wa Malama Hafiza Ɗangiwa bisa hidimar da ta yi, ta sanar da ita cewa daga yau an naɗa wani shugaban sashe, ita kuma an ba ta kula da rajistar halartar ɗalibai. Lauwali da kansa ya kawo, ya ce ta sa hannu ta karɓa.

Da ƙafa aka kora su. Ɗalibai goma sha biyu suka ce za su, yawancinsu 'ya'yan manoma ne daga Jabo da Sanyinna da Dogon Daji, waɗanda suka iya riƙe igiya tun kafin su iya riƙe biro. Atiku ya duba koren sa hannun, ya juya takardar ya duba bayanta, ya ƙirga shanun da sanda, ya buɗe ƙofa. Kwana biyu suka yi a hanya. Hafiza tana biye a bayan ɗan acaba, tana tsayawa inda suka tsaya. Ranar Alhamis da hantsi, tun ba a hango rumbunan gari sosai ba, jan bijimin ya fizge igiya ya yi gaba, sauran suka bi shi.

Na'iya yana gona da fartanya, shi da matarsa da 'ya'yansa, suna tayar da kunyoyin shuka da hannu. Saman ƙasar ya riga ya fara yin fari. Cikin gonaki taran, biyu masu jigawa sun bushe, sai dai a jira wani ruwan in Allah ya kawo. Bakwai suna da sauran danshi. Bai yi wa ƙanwarsa sannu da zuwa ba. Ya zagaya shanun ɗaya bayan ɗaya, ya duba kofato, ya duba haƙarƙari, ya buɗe bakin wata. Sa'an nan ya zaro wuƙa daga ɗamara, ya kama kunnen jan bijimin ya yanke robar, ya wuce na gaba. Da ya gama goma sha huɗu ya zuba su a wata tsohuwar ledar taki, ya ƙulle, ya miƙo mata.

“Ga shanun kwaleji nan,” ya ce. “Ki mayar musu. Nawa sun zo gida.”

“Yaya, sun cire ni daga shugabancin sashe.”

“To.” Ya juya ya ƙwala wa babban ɗansa kira ya kawo karkiya. Ya yi taku uku, ya tsaya bai waiwayo ba. “Akwai fura a gida. Ki sha kafin ki koma. Yaran nan kuma in huɗa sunka zo koyo, su tuɓe takalma.”

Tambaya ta zo ta ja saniyarta, ta ga hudar kunnen, ta dubi Hafiza tun daga sama har ƙasa, ta tafi ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma Hafiza ta san za a daɗe ana ba da labarinsa a gidajen biki.

Ɗaliban suka yi mako huɗu cur a Kebbe. Suka dawo da kanta a hannu da rahoto mai shafi talatin, har da hotuna. Baƙon Abuja bai dawo ba. Amincewa ta dindindin ta iso a cikin ambulan bayan Sallah, aka karanta a taro, aka tafa wa Furobos.

Ranar da wa'adin takardar fita ya cika, Hafiza ta shiga ofishin da ledar taki a hannu. Bencin ƙofa cike yake kamar kullum, mai goyon nan ma tana nan da sunan ubanta. Ta kwance ledar ta zazzage a kan teburin Lauwali, a kan fayilolinsa da ɓawon gyaɗarsa.

“Garken kwaleji ya dawo daga aiki.”

Lauwali ya dubi robobin. Wasu da ɗan busasshen jini a jiki. Ya dubi ƙofar ciki, tana rufe, ana jin muryar maigidan yana waya yana dariya. Ya ja tsaki, ya jera su a kan tebur bi da bi, daga ɗaya zuwa goma sha huɗu, ya ga babu wadda ta ɓata. Ya jawo rajista ya buɗe shafin da ke tsakanin injin ban ruwa da allon rubutu, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta: “Sun dawo, goma sha huɗu, lafiya.” Ya zuba su a babban ambulan, ya lasa bakinsa ya manne, ya rubuta “Garke” a bayansa, ya sa a kabad.

“Shekara biyar masu tantancewa za su dawo, Hajiya,” ya ce yana murɗa makulli. “Ki gaida mana Yaya.”

“Ka rubuto,” in ji Hafiza. “Ta hannun shugaban sashe.”